Masu Ba da Labarin Wasa da Raunin Ɗan Wasa a Ƙasar Hausa

Yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, yana zaune ne a tsakanin manyan cibiyoyi uku na rayuwar Hausawa, Kano ta kudu, Daura ta arewa maso yamma, da Damagaram a ƙetaren iyakar Nijar, kuma har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, labarin wasanninsa wani reshe ne na labarin wasannin Kano. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da riɗi, inda lokacin wasa yake bin lokacin gona, domin sai an yi girbi, rumbu ya cika, hannun manomi ya sami abin kyauta, sannan ake share fili a bayan gari a kira makaɗa. Wasannin da aka gada a nan su ne dambe da kokawa da langa, sai sharo a wajen Fulanin da ke kiwo a tsakanin garuruwan, kafin ƙwallon ƙafa ta shigo ta hanyar makarantun boko ta mamaye zukatan matasa daga Kanya Babba har cikin birnin Kazaure.

Aikin ba da labarin waɗannan wasanni ya bi ta hannaye huɗu a cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce, daga makaɗi zuwa marubucin jarida, daga nan zuwa mai sharhi a rediyo, sannan mai ɗaukar bidiyo da wayar hannu, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya adana sunan wanda ya yi nasara da irin bajintar da ya nuna. Abin da ba kasafai suka adana ba shi ne labarin jikin ɗan wasa bayan an watse, wato hannun da ya karye, da idon da ya daina gani, da kan da ya bugu har mai shi ya soma mantuwa tun bai tsufa ba. Wannan giɓi shi ne mafi girma a tarihin rubutun wasanni da Hausa, kuma yana da dalilai da za a iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya.

Dambe, wanda shi ne ya fi kowane wasa fito da wannan matsala fili, asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda kuma ake kira rundawa, kuma sun daɗe suna yawon kaka gari-gari, suna fawa da rana suna dambe da yamma. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare ya ɗaure tamau tun daga yatsu har wuyan hannu, ɗayan hannun kuma ya bar shi a buɗe a matsayin garkuwa, wadda da ita yake auna tazara da kare fuska. Ana yin wasa turmi uku, turmi kuwa shi ne zagaye guda na karawa, kuma idan aka bugi mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, idan kuwa turmi uku suka ƙare kowa yana tsaye sai a raba su a ce babu kisa. 'Yan damben zamani sun kasu cikin rundunoni, fitattu daga ciki su ne Kudu da Arewa da Guramada, kuma a bisa al'ada ɗan runduna ba ya sa zare da ɗan rundunarsa.

Rubutaccen bayani mafi daɗewa da aka sani a kan wannan wasa ya fito ne daga hannun baƙo, Hugh Clapperton, ɗan yawon binciken ƙasa daga Birtaniya, wanda ya sauka Kano a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826, ya ambaci cewa ya ji labarin 'yan damben ƙasar Hausa, ya biya wuri aka tara masa su, kuma mahauta ne suka fito, ya bayyana yadda suke naɗe hannu da yadda makaɗa suke zuga su, sannan ya ce ya hana a yi wasan da gaske saboda an shaida masa cewa ana rasa rai a cikinsa. Ko da an yi la'akari da halin matafiyan Turai na wancan zamani na ƙara gishiri a labarin ƙasashen da suka ziyarta, abin lura ne cewa batun haɗarin wasan ya bayyana tun a rubutun farko, sa'annan ya yi ƙaranci a mafi yawan abin da aka rubuta bayansa.

Kafin jarida, kuma har bayan zuwanta da shekaru masu yawa, makaɗi shi ne ma'ajin labarin dambe. Shi ne ya san taken kowane ɗan wasa, wato kiɗan da aka keɓe masa wanda da jinsa zai miƙe tsuma ta kama shi, shi ne ya san kirarinsa da sunan ubangidansa da garuruwan da ya yi kisa, kuma da kalangu da baki yake ɗaukar labarin karawar da aka yi a wannan kasuwa ya kai ta waccan. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, shi ne ya kai wannan fanni ƙololuwa, kuma waƙarsa ta ɗan dambe Shago, wadda ta ƙunshi labarin hamayyar Shagon da Ɗandunawa, ta sa mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin mutanen biyu ba suna iya ba da labarinsu har yau. Duk wanda ya saurari irin waɗannan waƙoƙi da kunnen mai nazari zai tarar da abubuwan da ake nema a rahoton wasa na kirki, wato su wa suka kara, a ina, gaban wa, da kuma yadda aka ƙare, tare da ƙarin abin da rahoto ba ya iyawa, wato sa mai sauraro ya ji kamar yana tsaye a bakin fage.

Sai dai makaɗi yana rayuwa ne da karin da ake yi masa, wato kyautar kuɗi ko tufa ko dabba da ɗan wasa da iyayen gidansa da masoyansa suke bayarwa, don haka aikinsa zuga ne, kuma mai zuga ba ya tsayawa lissafin haƙarƙarin da ya karye. Waƙoƙin maza cike suke da ambaton mutuwa da lahira da kabari, amma ana kawo su ne domin a nuna cewa gwarzo ba ya tsoronsu, ba domin a faɗi abin da ya sami wani takamaiman mutum a wata takamaimiyar rana ba. A ƙarƙashin wannan akwai tarbiyyar da ta ɗauki raki a matsayin abin kunya ga namiji, wadda ta fi bayyana a sharo, inda saurayi yake tsayawa a tsula masa bulala yana murmushi ko yana duba madubi, domin ko motsin fuska ya isa ya zubar masa da mutunci a gaban 'yan mata. Ɗan damben da ya taso a cikin wannan tarbiyya ba zai fito ya ce kansa yana juyawa ba, makaɗinsa ba zai faɗa ba, 'yan kallo kuma ba su zo jin wannan ba, sai raunin ya zama sirrin da ke tsakanin ɗan wasa da mahaifiyarsa da mai ɗori.

Zuwan jaridar Hausa bai sauya wannan hali nan da nan ba. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a shekarun 1950 hukumar NORLA mai kula da yaƙi da jahilci ta fitar da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Masu rubuta waɗannan jaridu da masu karanta su malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da ɗaliban da suka yi midil, kuma wasannin da suka tashi da su a makaranta su ne ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle, sai folo da sukuwa da suke wasannin sarakuna da Turawa. Dambe kuwa yana ɗauke da tabo biyu a idon wannan aji, na farko kasancewarsa wasan masu sana'ar da ba a ɗauke ta da daraja ba a tsarin zaman Hausawa na da, na biyu kuma ƙyamar da malaman addini da yawa suke yi masa saboda kiɗa da layu da guraye da cuɗanyar maza da mata a fage. Damben Turawa, mai safar hannu da alƙali da agogo, shi ne ya sami shiga jaridun Nijeriya da martaba, musamman bayan Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger kuma ya bi bayansa a 1962. Lokacin da marubuta wasanni na ƙasar suka kafa ƙungiyarsu ta SWAN a 1964, sana'ar ta riga ta kafu a Legas da harshen Ingilishi, kuma idonta yana kan ƙwallo.

Rediyo ce ta fara haɗa tsohon ma'aji da sabon zamani. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, kuma ta hanyar faifan da gidajen rediyon Arewa suka naɗa ne muryoyin makaɗan maza suka tsira bayan mutuwar masu su. Ga mutumin Babura, wanda iyakar Nijar take kusa da shi fiye da Dutse, akwai wata kafa ta daban, domin tun 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, rediyon Nijar take kawo sharhin karawar kai tsaye, da Hausa a cikin harsunan da ake amfani da su. Gasar takobi, kamar yadda ake kiranta saboda takobin da ake miƙa wa zakara, ta nuna cewa wasan gargajiya zai iya samun jadawali da alƙalai da jerin zakarun da ake iya karantawa shekara bayan shekara, daga Kantu har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobin sau da dama. A Nijeriya ma dambe da kokawa da langa sun shiga cikin gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, amma shigarsu ba ta taɓa mafi yawan damben da ake yi a ƙauyuka da gidajen dambe ba.

Domin a gane girman abin da ya kuɓuce wa rubutu, ya kamata a dubi raunin da kansa. Hannun da aka ɗaure da zare yana zama dunƙule mai tauri, amma ƙasusuwan bayan hannu guda biyar da ke tsakanin wuyan hannu da yatsu ba su ƙara ƙarfi ba, kuma idan naushi ya sauka a goshi ko a gwiwar hannun abokin karawa, wanda ya fi saurin karyewa shi ne na ƙaramin yatsa, karayar da likitocin ƙashi suka daɗe da laƙaba wa sunan 'yan dambe saboda yawan ganinta a wurinsu. Ɗan wasan da hakan ta same shi a wani ƙauye na Roni ko Gwiwa, wurin mai ɗori zai fara zuwa, mutumin da ya gaji sana'ar kuma jama'a suka amince da shi, wanda zai ja yatsan ya daidaita ƙashin da hannu, ya shafa magani, ya jera karare ko tsinke ya ɗaure, ya yi tofi. Sau da yawa ƙashin yakan haɗe, ko da a karkace, amma likitoci a asibitocin Nijeriya sun yi rubutu mai yawa a kan abin da ke faruwa idan ɗaurin ya yi tsanani ya tare jini, wato gaɓar ta kumbura ta yi baƙi ta ruɓe, har a kai ga yankewa. Asibitin ƙashi na Dala a Kano shi ne babbar madogarar yankin gaba ɗaya, amma tsakanin mai rauni da Dala akwai kuɗin mota da kuɗin hoto da kwanakin da za a yi ba a nema ba, don haka akan isa can ne bayan abu ya riga ya lalace.

Raunin kai ya fi wannan ɓoyuwa, domin ba ya kumbura a gani. Idan naushi ya sami muƙamuƙi ko gefen kai, ƙwaƙwalwa tana girgiza a cikin ƙoƙon kai, mutum ya ga duhu ko ya suma na ɗan lokaci, ya tashi da jiri da ciwon kai da amai, wani lokaci ya kasa tuna yadda aka yi ya faɗi. A fage abin da aka saba yi shi ne a kwara masa ruwa, a ɗaga shi, abokai su riƙe shi zuwa gefe, kiɗa kuma ya ci gaba saboda wanda ya yi kisan yana zagaya fili ana yi masa liƙi. Haɗarin da likitoci suka fi jin tsoro iri biyu ne, wato jinin da kan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, wanda zai iya kashe mutum sa'o'i ko kwanaki bayan ya tashi yana magana lafiya lau, da kuma bugu na biyu da ke zuwa kafin ƙwaƙwalwa ta warke daga na farko. Sannan akwai lahanin da ke taruwa cikin shekaru, wanda wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana tun 1928 a jikin tsofaffin 'yan damben ƙasarsa, wato nauyin harshe da rawar hannu da tangaɗi a tafiya da raunin tunani. A garuruwan Hausa, tsohon ɗan damben da ya shiga wannan hali akan danganta lamarinsa da sammu ko shaye-shaye ko iska, kuma da wuya wani ya haɗa shi da naushin da ya sha shekaru ashirin da suka wuce.

A Amurka ne aka fi ganin yadda bibiyar rauni ta zama reshe mai zaman kansa a aikin jarida, kuma ta tsiro ne daga wasan besbol, wasan da mai jifa yake wurga ƙaramar ƙwallo mai tauri da matuƙar ƙarfi, mai sanda kuma ya yi ƙoƙarin maka ta ya zagaya tashoshi huɗu da gudu. Wasan ba shi da kasuwa a ƙasar Hausa, ko da yake an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, amma tarihin marubutansa yana da amfani a nan. Tun a 1859 Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ke aiki a New York, ya tsara jadawalin da ke nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi a kowace karawa da alƙaluma, jaridu suka ɗauke shi, har aka wayi gari ana iya bin rayuwar ɗan wasa kaka bayan kaka a kan takarda. Wannan lissafi bai hana sakaci ba, domin bayan ƙwallo ta sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka a watan Agusta 1920 ya mutu washegari, sai a 1971 aka wajabta hular kariya a kan masu sanda a babbar gasar ƙasar. Amma ya samar da abin da za a kafa hujja da shi.

A 1974 likita Frank Jobe ya yi wa Tommy John, mai jifa na ƙungiyar Los Angeles Dodgers, tiyatar da ba a taɓa yi wa ɗan wasa ba, inda ya ɗauko jijiya daga wani sashe na jikinsa ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannunsa, John ya dawo fili a 1976 ya ci gaba da wasa har 1989, tiyatar kuma ta ɗauki sunansa. Da irin wannan aiki ya yawaita, sai tambaya ta taso a kan abin da ke tsinka jijiyar tun farko, kuma marubuta irin su Will Carroll, wanda a farkon shekarun 2000 ya keɓe shafinsa kacokan ga raunin 'yan besbol, suka riƙa haɗa yawan jifan da mutum ya yi da kwanakin da ya yi jinya, suna tambayar likitoci da masu horarwa, suna bayyana wa mai karatu sunan jijiya da aikinta da tsawon lokacin warkewarta. Alan Schwarz ma marubucin besbol ne mai sha'awar alƙaluma kafin ya juya ga raunin kai a ƙwallon Amurka, wasan da ake karo da ka, kuma daga Janairu 2007 ya rubuta rahotanni fiye da ɗari a jaridar New York Times, waɗanda suka taimaka aka kai batun gaban majalisar dokokin ƙasar a 2009. Tushen binciken da ya dogara da shi a farko aikin wani ɗan Nijeriya ne, Dokta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya buga sakamakon a 2005 duk da matsin da ya fuskanta daga masu gasar.

Ba tausayi ne kaɗai ya haifar da wannan reshe na jarida a can ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Ɗan wasan Amurka yana da kwantiragi na miliyoyin daloli da inshora da ƙungiyar ƙwadago, ƙungiyarsa tana da jerin masu jinya da dokar gasa ta tilasta a bayyana, masu caca da masu sha'awa kuma suna son sanin wanda zai buga gobe, don haka labarin rauni haja ce mai kasuwa. Marubucin Hausa bai tarar da ko ɗaya daga cikin waɗannan a gabansa ba.

A ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wadda ta fi dambe tsari da hukuma, lafiyar ɗan wasa takan zama babban labari ne idan an yi mutuwa ko an zubar da jini. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsakiyar karawa da Angola, ya rasu sakamakon ciwon zuciya, kuma fiye da shekaru talatin bayan haka, a watan Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a wasansu da Katsina United shi ma ya rasu, aka sake tayar da tambayoyin da aka yi a 1989 game da gwajin lafiya da motar asibiti a bakin fili. Haka kuma a watan Maris 2015, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Muhammad, gidajen rediyon Kano sun bi labarin da kyau, domin masoya ƙungiyar, wadda ake yi wa laƙabi da Sai Masu Gida, tun daga Fagge har Kazaure da Babura, suna son sanin halin da gwanayensu suke ciki. Abin da ba ya samun irin wannan kulawa shi ne raunin yau da kullum, kamar gwiwar matashin da ke buga wa ƙaramar ƙungiya, wanda jijiya ta tsinke masa aka sallame shi ba tare da tiyata ba, sunansa ya ɓace daga jerin 'yan wasa ba tare da layi ɗaya na bayani ba.

Daga farkon ƙarnin nan abubuwa biyu suka sauya a lokaci guda. Kafafen Hausa sun yawaita, inda Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, jaridar Aminiya ta fito a 2006, gidajen rediyon waje kuma suka buɗe shafukan intanet, sannan dambe ya tashi daga wasan kaka ya koma sana'ar shekara, da gidaje na dindindin da ake biyan kuɗin ƙofa, irin su dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano da gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. A wannan zamani ne aka sami ɗan jaridar da ya ɗauki dambe da muhimmancin da ake bai wa gasar Firimiya, wato Muhammad Abdu na sashen wasannin BBC Hausa, wanda masu sauraro suka fi sani da Mamman Skipper, wanda ya riƙa zuwa fage yana kawo sakamakon karawa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wane daga Kudu ya buge wane daga Arewa a turmin farko, wane da wane kuma turmi uku babu kisa, tare da hira da 'yan wasan a kan asalinsu da iyayen gidansu. Darajar wannan aiki ta wuce yadda ake ɗaukarsa, domin ya sa sakamakon damben mako-mako ya zauna a rubuce da rana da wuri, kuma irin tubalin da Chadwick ya aza ke nan.

Akwai wata wahala da tsarin sunayen 'yan dambe yake jawo wa duk mai son ya ɗora a kan wannan tubali. Ɗan wasa yana shiga fage ne da sunan ubangidansa, a kira shi Shagon wane ko Bahagon wane ko Autan wane ko Garkuwan wane, tsarin da ke adana silsilar horo da biyayya yadda ya kamata, amma yana ɓoye sunan yanka da garin haihuwa, kuma mutum yana iya sauya laƙabi idan ya sauya gida ko ya shahara da wani sabon suna. Mai bincike da ya so ya ƙidaya sau nawa aka kashe wani ɗan wasa a cikin shekara guda, sai ya fara tabbatar da cewa mutum ɗaya yake bi.

Bidiyo ya kawo kuɗi da idon duniya, musamman tun da Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka kafa Dambe Warriors a 2017 suka riƙa sa karawa a YouTube, inda miliyoyin mutane daga ƙasashen da ba su san Hausa ba suke kallo. Wasu masu shirya gasa na zamani sun shigo da rabon 'yan wasa bisa nauyi da ma'aikatan lafiya a bakin fage, wanda ci gaba ne na gaske. Amma hoton da ya fi yawo a wayoyi shi ne na daƙiƙun kisa, ana maimaita shi a hankali, kuma kyamara tana bin wanda ya yi nasara kamar yadda kalangu yake binsa a da. Komawar wasan na kowane mako ta kuma janye hutun da damina take bai wa jiki, domin a tsohon tsari ɗan dambe yana ajiye zare watanni yana noma, ƙashi da ƙwaƙwalwa su sami sararin warkewa, yanzu kuwa wanda abincinsa ya dogara da fage ba ya iya zama, kuma ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol, da suka yaɗu a tsakanin masu aikin ƙarfi a Afirka ta Yamma, suna ba mai rauni damar ɗaura zare a kan hannun da bai warke ba.

Kayan da za a rubuta wannan tarihi da su suna nan a warwatse. Sassan harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo sun tara kundaye a kan waƙoƙin maza da kirari, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihin makaɗa, Edward Powe ya fitar da littafi a kan wasannin faɗa na Arewacin Nijeriya a 1994, likitocin ƙashi kuma suna da nasu rubuce-rubucen a mujallun da 'yan jarida ba sa karantawa, sannan tsofaffin 'yan dambe da masu ɗorin da suka yi jinyarsu suna raye a garuruwan Kazaure da Babura da maƙwabtansu na Ɗambatta da Ɓaure. A damben zamani na duniya, ƙa'ida ce cewa wanda aka sumar a karawa ba zai sake hawa dandali ba sai bayan kwana talatin ko fiye, kuma sai likita ya duba shi, ƙa'idar da ba ta aiki sai da littafin da ake rubuta sunan ɗan wasa da ranar da aka buge shi. A damben gargajiya na kasuwanni da ƙauyuka babu wannan littafi, don haka matashin da aka sumar a Kano ranar Juma'a yana iya ɗaura zare a wani fage na ƙasar Kazaure ranar Lahadi, mai gidan damben da alƙalin wasa da makaɗi duk ba su san abin da ya same shi shekaranjiya ba.